Mutumin da Bai Taɓa Ganin Ƙarshen Fim Ba

A layin da kasuwa ta ƙare gidaje suka fara, akwai wani mai fenti da kowa ya manta sunan da aka raɗa masa. Tsaya-nan ake ce masa. Yara haka suke kiransa, manya ma haka, har direbobin da ke kawo masa motoci ya yi musu rubutu a baya. Shi kuma amsawa yake yi hankali kwance, domin ya san shi ya jawo wa kansa.

Sana'arsa zanen allon shago da fentin bango. Hannu gare shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da yake samo basirarsa, don duk launin da ya taɓa shafa wa bango, a fim ya fara ganinsa.

Abin ya samo asali tun yana ɗan ƙarami. Wata rana kawunsa ya kai shi silima. Ana tsakiyar faɗa, jarumi ya ɗaga kujera zai maka wa wani ƙato, sai na'urar ta sarƙe, hoto ya tsaya cak. Wuri ya kaure da ihu, ana zagin mai na'ura, ana jifa da ɓawon lemo. Shi kuwa yaron baki ya saki. Bai ga jarumi ba, bai ga kujera ba. A bayan mutanen nan biyu akwai wata shuɗiyar ƙofa a jikin jan bango, hasken taga ya sauka a kanta a karkace, kuma bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Da aka gyara na'ura fim ya ci gaba, kowa ya ɗauki tafi, shi kaɗai ya fashe da kuka. Kawu ya zaci tsoro ya ji, ya saya masa alewa.

Ya girma, ya koyi riƙe burushi a wurin wani tsohon mai rubutun allo, ya buɗe nasa ɗan shagon. Ranar da ya gano akwai maɓalli a jikin bidiyo wanda ke yin abin da na'urar silima ta yi bisa kuskure, ko abinci bai iya ci ba don murna. Kafin ya sayi nasa, gidajen maƙwabta yake bi. Ana kallo, uwa ta gano ɗanta da ya ɓace, kowa na share hawaye, sai a ji murya daga baya:

"Tsaya nan! Tsaya nan! Don Allah ku dubi labulen can!"

Haka aka yi ta korarsa daga wannan falo zuwa wancan, sunan kuma ya bi shi.

Da ya mallaki nasa talabijin, sai ya ƙaro wani sabon iyayi, ya riƙa kashe sauti. Wai surutu na hana ido aiki. Zai zauna da rimot a hannu, mutane na ta buɗe baki kamar kifi, shi yana leƙen bayansu. Da ya samu bangon da ya yi masa, sai ya danna, ya ƙura ido, ya tashi ya tafi haɗa fenti. Fim ɗin kuma ya ƙarata can. Mutum ne da ya fi kowa a layin kallon fina-finai, amma ko ɗaya bai taɓa ganin ƙarshensa ba. Bai san wa ya auri wa ba, bai san wa aka kama ba, kuma bai damu ba.

Masu shaguna sun ɗanɗana. Mai aski, wanda abokinsa ne tun na yarinta, ya ce masa kawuna uku kawai yake so a zana masa, kowanne da irin askinsa. Abin da ya samu shi ne wani mutum riƙe da reza, haske na dukan fuskarsa daga ƙasa, rabin jikinsa cikin duhu, ga wuyan wanda ake wa aski a miƙe. Tun daga ranar sai an haɗa da ɗauka kafin a shigar da yaro shagon.

Mai kemis shi kuma kwalbar magani ya nema. Ya samu kwalbar, tana walƙiya a tsakiya, a bayanta kuma gari guda na ci da wuta, mutane na gudu.

"Malam," in ji mai kemis, "maganin tari fa nake sayarwa."

"To ai ka ga irin tarin ke nan," in ji Tsaya-nan, yana goge hannu.

Tela ma bai tsira ba. A saman almakashinsa da keken ɗinkinsa akwai jirgi mai saukar ungulu, wani na lilo a jikin igiya. Da ya tambayi dalili, sai aka ce masa sararin ne ya yi fili da yawa.

Duk da haka ba a daina kawo masa aiki ba, domin allunansa daga nesa ake hango su. Har kwatance ake yi da su: ka wuce garin da ke ci da wuta, ka bar mai yanka a hagunka, gida na biyu.

Yanzu sai mu zo kan matarsa, Maman Auta, wadda ita ce ta fi kowa shan wahalar wannan baiwa. Abinci take sayarwa a bakin titi kusa da tasha, ƙarƙashin wata babbar lema, tun tana budurwa. A nan suka haɗu. Kullum sai ta ga wani saurayi mai ɗigon fenti a riga ya tsaya a tsallaken titi ya zuba mata ido, ba ya ko ƙiftawa. Ta ce a ranta wannan bawan Allah so ya kama shi, ta fara ƙara masa nama. Sai bayan aure ya gaya mata, da zuciya ɗaya, cewa wani koren kwano ne da ke bayanta yake kallo, wanda tsatsa ta yi wa ado. Ita da kanta take ba mata wannan labari tana dariya, amma wanda ya san ta ya san dariyar ta fatar baki ce.

Ba mugun miji ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ba ya faɗa, ba ya yawo, abin da ya samu gida yake kawowa. Sai dai sau da yawa tana cikin yi masa magana zai ce, "Tsaya nan," ita kuma ta san abin da ake nufi. Sai ta ɗan matsa gefe ya ga inuwar da ta faɗa a bango, in ya gama ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kallon fim kuwa tuni ta daina yi da shi. Gidan maƙwabciya suke zuwa ita da 'yarsu Auta, wadda yanzu ta zama budurwa.

Shekaru suka tafi, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, hayaƙin motoci ya shiga idonta, har Allah Ya nufa ta samu shago na gaske, mai ƙofa da taga da rufi. Ta bar wa wata mata lemar da wurin, ta yi sallama da bakin titi, ta ce ita da shi har abada. Ba ta da inda za ta koma, kuma ba ta son komawar.

Tsaya-nan ya ce shi zai gyara shagon, kyauta ce daga miji zuwa mata, amma da sharaɗin ba za ta leƙa ba sai ranar buɗewa.

"Baban Auta," ta ce, "ban son wuta, ban son jirgi, ban son reza."

"Haba, sai ka ce ban san abin da ya dace ba. Wuri zan yi miki mai kwantar da hankali."

Kuma da gaske ya riga ya samu wurin. Kwanaki kaɗan kafin nan ya gifta ta bayan Auta tana kallo a waya, ya hango wani ɗakin cin abinci da ya tsayar masa da numfashi. Ya daka mata tsawar da ta saba ji, ta tsayar, ya ɗauki hoton fuskar wayarta da tasa wayar.

"Baba, ka san ko wane fim ne wannan? Matar nan ita ce take..."

"Kada ki ɓata min shi da labari," ya ce, ya yi gaba.

Ya rufe gaban shagon da tamfol, ya shiga aiki ba ji ba gani. Bango rawaya mai taushi. Ƙofa shuɗiya. Jan labule a mashigar kicin. Agogo mai zagaye a sama. A bakin taga tebur ƙarami da kujera guda ɗaya tak, da furen roba a cikin kwalba. A bayan kantar shagon ya kafa katako ya jera ƙananan kwalabe kore shar, waɗanda ya cika da ruwa da ɗigon fenti. A kan allo kuma ya zana mace tana murmushi, riƙe da kwano, koren tururi na tashi daga ciki, saboda kore ya hau da rawaya. Ya so ya sa fuskar matarsa, amma da ya ɗaga burushi sai ya rasa ta inda zai fara. Ya san tana da hanci da ido kamar kowa, sauran ya ƙi zuwa. Sai kawai ya kwafi fuskar da ke cikin hoton.

Ranar buɗewa da safe jama'a suka taru, Maman Auta ta ci ado, kuloli cike da shinkafa da miya da kaza. Tsaya-nan ya ja tamfol ya yar, ya juyo yana jiran tafi.

Babu wanda ya tafa. Can sai mai aski ya riƙe ciki ya durƙusa, dariya ta hana shi magana. Wata tsohuwa ta ja jikanta baya. Maman Auta ta ɗora hannu a ka.

"Baban Auta, ka kashe ni."

"Rawayar ce ta yi yawa?"

Auta ce ta ja shi gefe ta yi masa bayani. Fim ɗin nan babu gidan da ba a kalle shi ba a layin, wasu har sun haddace. Labarin wata mai abinci ce da ke zuba wa mutane guba. Duk wanda ta zaunar a kujerar bakin taga, ƙarshensa fuskarsa a cikin faranti. Korayen kwalaben nan kuwa, ai su ne kayan aikin. Kuma Baba bai bar komai ba, har furen roba.

Ranar babu wanda ya ci ko loma. An dai shigo, an zagaya, an ɗauki hoto. Samari na leƙowa suna cewa, "Mama, yau wa ke kan layi?" Direbobin da suka shekara suna cin abincinta suka tsaya a ƙofa suna sosa ƙeya.

"Mun san wasa ne, Maman Auta," in ji babbansu, "amma ciki bai san wasa ba."

Suka juya suka nufi matar da ke ƙarƙashin tsohuwar lema. Washegari haka, jibi ma haka. Abinci ya yi ta kwantai ana rabar da shi, wanda aka ba ma sai ya fara jefa wa kyanwa ya gani. Da yammacin rana ta uku Tsaya-nan ya tarar da matarsa zaune a bayan kantar shagon, ba ta faɗa, ba ta zagi, hawaye kawai ke zuba. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce gobe da asuba zai shafe komai da farin fenti.

"Ko ka shafe bango ba ka shafe shi daga kan mutane ba," in ji mai aski, wanda ya zo jaje bayan ya gama dariyarsa. "Cewa za su yi an ɓoye shaida."

Maman Auta ta goge fuska. "Babu abin da za ka shafe. Kallo za ka fara yi. Daga farko har ƙarshe, kuma da sauti."

Washegari aka zaunar da shi a falo da rana tsaka. Auta ta riƙe rimot, uwarta ta zauna a bakin ƙofa don kada ya gudu. Sau da yawa ya yi ihun "Tsaya nan!" ba wanda ya kula shi, har ya gaji ya zauna a kan hannuwansa. Da ya rasa bangon da zai tsaya masa, dole ya fara kallon mutanen. Ya ga ɗan kasuwa ya zauna a kujerar ya kife. Ya ga lauya ya zauna ya kife. Ya lura kuma duk lokacin da matar ta zuba abin, sai ta ɗaga girar hagu kafin ta ajiye faranti. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa sama, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ashe haka ake yi a ƙarshe?" ya ce. "Mutane mutuwa suke yi?"

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," in ji matarsa. "Kai ka kafa kujerar, kai za ka zauna a kanta. Gobe da rana, taga a buɗe, kowa na gani."

Kafin rana ta take labari ya zaga layin. Mutane suka cika gaban taga, wasu sun hau benci, tela ya rufe shago ya zo da kujerarsa. Tsaya-nan ya zauna kusa da furen roba. Shi ya cika kwalaben nan da hannunsa, ya san ruwa ne da fenti. Amma jiya ya ga abin da ya gani, kuma ya san irin ɓacin ran da ya jawo wa matar nan. In ma akwai macen da ke da hujja a duniya, ai ita ce. Don haka da ta ɗaga jan labule ta fito da faranti, bai kalli labulen ba. Girarta ta hagu ya zuba wa ido.

Girar ba ta motsa ba. Ta dire farantin ta ce, "Ci."

Ya kai cokali na farko, na biyu, a na uku barkono ya sarƙe shi. Ya fara tari, ido ya yi ja, ya dafe tebur. Waje ya hargitse. Mata suka sa salati, tela ya faɗo daga kujera, mai kemis ya ratsa jama'a a guje da kwalbar maganin tari a sama, kamar yadda aka zana a allonsa. Maman Auta ko gezau, ta miƙa wa mijinta ruwa. Ya sha, ya yi ajiyar zuciya, ya dubi farantin.

"Akwai ƙari?" ya ce.

Mai aski ne ya fara shigowa, wai ba zai bari abokinsa ya tafi shi kaɗai ba. Washegari babban direba ya shigo, ya zauna nesa da taga, ya ci faranti biyu. Kafin wani lokaci kujerar da ake gudu ta zama abin rububi. Samari har layi suke yi su zauna, su ci, su kifa fuska kusa da faranti a ɗauke su hoto. Maman Auta ta ce duk wanda ya ɓarar mata da miya wurin mutuwar ƙarya shi zai goge. Matar lema ma wata rana ta aiko a saya mata.

Hukuncin Tsaya-nan ya ƙare ke nan, amma bai daina zuwa ba. Kullum da rana zai ajiye burushi ya zo ya nemi wuri, har ya fara tumbi. Tsoro ya tafi tuntuni, sai dai idon da ya koyi neman gira ya ƙi komawa bango. Yana neman gira ya ga wani ɗan tabo a gefenta, wanda bai san yaushe ta same shi ba. Ya ga kuncinta na dama ya fi na hagu duhu, ɓangaren da lema ba ta karewa. Ya ga ɗigo-ɗigon ƙunar mai a bayan hannunta, da furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ya ga in ta ɗanɗana miya ta yi daidai, sai ta lumshe ido ɗaya, wushiryarta ta bayyana. Duk wannan a gidansa yake tun shekarun da ba ya iya lissafawa, shi yana can yana kallon kwano mai tsatsa. Abin ya dame shi ƙwarai, ya kuma rasa wanda zai gaya wa.

Wata rana shago cike, cokula na ƙara, direbobi na gardama, ta fito daga kicin da ludayi a hannu, gumi a goshi, tana yi wa wani dariya. Hasken taga ya sauka a fuskarta a karkace.

"Tsaya nan," in ji Tsaya-nan.

Ba ta ko juyo ba. Ta ɗan matsa gefe kamar yadda ta saba, ta bar masa bangon rawaya fili, tana jira ya gama.

"A'a," ya ce. "Ba bangon ba. Koma inda kike."

Ta juyo ta dube shi, ta waiga bayanta ko akwai wani abin da ba ta gani ba. Babu komai sai agogo. A hankali ta dawo inda take, miya na ɗiga daga ludayi zuwa ƙasa.

"Baban Auta, shinkafata za ta ƙone," ta ce.

Amma ba ta motsa ba.